Yadda manyan kamfanoni ke saye ƙananan masu ƙirƙirar wasannin bidiyo, da abin da hakan ke nufi ga 'yan wasa

Daga birnin Sakkwato zuwa Wurno da Rabah da Gandi da Goronyo, da wuya a shiga shagon cajin waya ko majalisar matasa ba a tarar da wani ya duƙufa kan wasa a wayarsa ba. Wani yana buga ƙwallo, wani yana harbe-harbe a Call of Duty ko PUBG ko Free Fire, yara kuma suna gudu a Subway Surfers. Ko a ofisoshin gwamnati akwai masu kashe lokaci da Candy Crush kafin a tashi daga aiki. Inda kuma ake da gidan gem, matasa na layi a gaban PlayStation suna biyan kuɗi kan kowane wasa, mai gidan yana lissafin man janareta.

Da yawa daga cikin waɗannan wasanni sun canza ubangida a 'yan shekarun nan. Ƙananan kamfanonin da suka ƙirƙire su sun faɗa hannun wasu manya, wasu manyan ma sun faɗa hannun waɗanda suka fi su girma. Ana ƙulla cinikin ne a Amurka da Turai da Asiya, amma shi ke yanke nawa ɗan wasa zai biya, a kan wace na'ura wasan zai fito, da kuma ko wasan zai ci gaba da rayuwa ko za a wayi gari an kashe shi.

Mai ƙirƙira daban, mai kai wa kasuwa daban

A harkar wasannin bidiyo akwai ɓangarori biyu. Na farko shi ne situdiyo, wato gungun masu zane da masu rubuta manhaja da masu tsara labari da sauti, waɗanda ke zama su gina wasan tun daga tushe. Na biyu shi ne kamfanin wallafa, wanda ke zuba jari, ya yi talla, ya kai wasan kasuwa, sannan ya karɓi kaso mai tsoka na ribar. Situdiyon da ba mallakar kowane babban kamfani ba ne shi ake kira mai cin gashin kansa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga ɗan kasuwar Arewa. Manomin tafarnuwa ko albasa a fadamar Wurno da kewayen madatsar ruwan Goronyo shi ke da gona da gwanintar noma, amma sau da yawa dillali ne ke da kuɗin taki da mota da hanyar kasuwannin Kudu. Idan dillalin ya ba da bashi tun kafin shuka, to ya samu bakin magana kan farashi ranar girbi. Haka ma aka yi a Kannywood zamanin kaset da faifai, lokacin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ke da ƙarfin faɗa a ji kan irin fim ɗin da zai samu shiga. Abin da ke faruwa yanzu a duniyar wasanni ya wuce ba da bashi: dillalin ne ke sayen gonar ɗungurungum, manomin ya koma ma'aikacinsa.

Cinikayyar da ta sauya kasuwa

Tarihin Candy Crush ya isa misali. Kamfanin King, wanda ya samo asali daga Suwidin, shi ya ƙirƙiri wasan. A 2016 kamfanin Activision Blizzard, mai Call of Duty, ya saye King kan dala biliyan 5.9. A watan Janairun 2022 kuma Microsoft ya sanar da cewa zai saye Activision Blizzard gaba ɗaya kan dala biliyan 68.7, aka kammala cinikin ranar 13 ga Oktoba, 2023. Ke nan mai buga Candy Crush a sakatariyar ƙaramar hukuma da mai buga Call of Duty a majalisa duk abokan cinikin kamfani ɗaya ne a yau.

Kafin nan Microsoft ya riga ya saye Mojang, masu Minecraft, a 2014 kan dala biliyan 2.5, da kuma ZeniMax, uwar kamfanin Bethesda, kan dala biliyan 7.5 a cinikin da aka kammala a 2021. Abokin hamayyarsa Sony, mai PlayStation, ya saye Insomniac Games a 2019 kan dala miliyan 229, sannan Bungie a 2022 kan dala biliyan 3.6. A wannan shekarar ce Take-Two, mai wasan GTA, ya saye Zynga kan dala biliyan 12.7.

A fagen wasannin waya, wanda ya fi shafar Najeriya, babban mai saye shi ne Tencent na ƙasar Sin. A 2016 ya jagoranci sayen mafi yawan hannun jarin Supercell na Finland, masu Clash of Clans, kan dala biliyan 8.6. Tun 2015 yake riƙe da mafi yawan hannun jarin Miniclip, masu 8 Ball Pool, shi kuma Miniclip ya saye SYBO na Denmark, masu Subway Surfers, a 2022.

Saudiyya ma ta shigo da ƙarfinta. Kamfanin Savvy Games, wanda ke ƙarƙashin asusun zuba jarin gwamnatin ƙasar, PIF, ya saye Scopely a 2023 kan dala biliyan 4.9. A watan Satumbar 2025 kuma aka sanar da yarjejeniyar da PIF da kamfanonin Silver Lake da Affinity Partners za su saye Electronic Arts kan dala biliyan 55. Wannan shi ne kamfanin da ke fitar da wasan ƙwallon da aka fi sani da FIFA, wanda ya koma EA Sports FC tun 2023, kuma shi ne jigon yawancin gidajen gem.

Me ke sa ƙarami ya sayar, me ke sa babba ya saya?

Babban dalilin sayarwa shi ne tsadar aiki. Takardun da suka fito fili a shari'ar Microsoft a 2023 sun nuna cewa Sony ya kashe kusan dala miliyan 220 wajen gina The Last of Us Part II, da kusan miliyan 212 wajen Horizon Forbidden West. Irin wannan wasa yana cin shekara biyar ko fiye, da ɗaruruwan ma'aikata da ake biya albashi kowane wata, alhali ko sisi bai fara shigowa ba. Situdiyo mai cin gashin kansa yana iya rushewa idan wasa ɗaya ya gaza. Saboda haka idan babban kamfani ya zo da tayin albashi tabbatacce da kuɗin talla, masu situdiyon kan ga gara su shiga inuwa. Akwai kuma waɗanda suka gaji ne kawai. Markus Persson, wanda ya ƙirƙiri Minecraft, ya bar kamfaninsa da zarar an sayar, domin nauyin ya fi ƙarfin abin da yake so ya ɗauka.

Shi kuma mai saye yana neman abubuwa da dama. Yana son mallakar sunan wasan da jarumansa, domin su ne dukiyar da ake ci gaba da tatsa shekara da shekaru. Yana son ƙwararrun ma'aikata da suka saba aiki tare. Wani lokaci yana son hana abokin hamayya samun wasan, kamar yadda Starfield na Bethesda ya fito a 2023 a kan Xbox da kwamfuta kaɗai, masu PlayStation suka yi ta kallo. Sannan akwai tsarin biyan kuɗin wata-wata, irin Game Pass na Microsoft, inda mutum ke biya domin ya samu damar buga ɗaruruwan wasanni. Tsarin kamar rumfar kasuwa ne, ba ya jawo jama'a sai an cika shi da kaya, kuma hanya mafi sauri ta cika shi ita ce sayen masu yin kayan.

Lokaci ma ya taimaka. A 2020 da 2021 annobar korona ta tsare mutane a gida, cinikin wasanni ya yi tashin gwauron zabi, kuɗin ruwa a bankunan Yamma kuma ya yi ƙasa sosai. Kamfanoni suka ci bashi mai sauƙi suka shiga saye. Da annoba ta lafa, kuɗin ruwa ya tashi, sai lissafi ya juya.

Inda aka dace da inda aka yi asara

Ba kowane ciniki ne ya zama sharri ba. Masoya Minecraft sun ji tsoro a 2014 cewa Microsoft zai tsare wasan a na'urorinsa, amma ya bar shi a kan PlayStation da Nintendo da wayoyi, har aka sanar a 2023 cewa an sayar da kwafi fiye da miliyan 300. Insomniac ya ci gaba da fitar da wasannin Spider-Man masu karɓuwa a ƙarƙashin Sony. Situdiyon Double Fine, wanda Microsoft ya saya a 2019, ya samu kuɗin kammala Psychonauts 2 yadda yake so, wasan ya fito a 2021 ya sha yabo.

Sai dai jerin waɗanda suka yi asara ya fi tsawo. Electronic Arts ya daɗe da yin ƙaurin suna wajen sayen situdiyo sannan ya rufe shi: Westwood a 2003, Pandemic a 2009. Kamfanin Embracer na Suwidin ya yi ta saye babu ƙaƙƙautawa, har da masu Tomb Raider a 2022. A watan Mayun 2023 wata yarjejeniya ta dala biliyan 2 da yake sa rai ta wargaje, sai ya shiga rufe situdiyoyi, ciki har da Volition, mai tarihin shekara 30, da Free Radical Design na Ingila.

Microsoft kansa, wata uku bayan kammala sayen Activision, ya sallami ma'aikata 1,900 daga sashen wasanni a Janairun 2024. A watan Mayun shekarar ya rufe Arkane Austin da Tango Gameworks na Japan. Rufe Tango ya fi ba mutane mamaki, domin wasansa Hi-Fi Rush ya samu yabo da lambobin girmamawa. Daga baya kamfanin Krafton na Koriya ta Kudu, mai PUBG, ya karɓi situdiyon ya farfaɗo da shi. Sony ma ya saye Firewalk a 2023, wasansa Concord ya fito a Agustan 2024, aka janye shi daga kasuwa cikin mako biyu, aka rufe situdiyon a Oktoba.

Labarin Bungie ya tattara duka fuskokin. Microsoft ya saye shi a 2000, ya samu Halo da ya ɗaga darajar Xbox. A 2007 Bungie ya ɓalle ya koma cin gashin kansa, amma ya bar Halo a hannun Microsoft. Ya ƙulla yarjejeniyar wallafa da Activision, suka rabu a 2019. Da Sony ya saye shi a 2022 an yi alkawarin zai riƙe 'yancinsa, amma aka sallami ma'aikata a 2023, aka sake sallamar 220 a Yulin 2024. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Dalilin da ke sa situdiyo mai nasara ya mutu a cikin babban kamfani yana da sauƙin fahimta ga duk wanda ya taɓa riƙe shago. Ribar da za ta ishi mutum hamsin su rayu cikin rufin asiri ba ta cika idon kamfanin da ya kashe biliyoyi kuma masu hannun jari ke jiran bayani duk wata uku. A wurinsa tambayar ita ce ko kuɗin da ake kashewa a nan zai fi kawo riba idan aka mayar da shi ga Call of Duty.

Abin da 'yan wasa ke cewa

Kan 'yan wasa a rabe yake. Lokacin da hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya, CMA, ta nemi ra'ayin jama'a kan cinikin Microsoft da Activision a ƙarshen 2022, ta duba saƙonni kusan 2,100, kuma kusan kashi uku cikin huɗu sun goyi bayan cinikin. Wasu na fatan samun Call of Duty cikin Game Pass ba tare da sayen sa daban ba. Wasu kuma na ganin sabon ubangida zai gyara Activision, wanda wata hukumar jihar California ta maka a kotu a 2021 kan zargin cin zarafi da nuna wariya ga mata ma'aikata.

A ɗaya ɓangaren, wasu 'yan wasa goma sun shigar da ƙara a California a Disambar 2022 suna neman a hana cinikin, bisa hujjar cewa zai rage gasa ya tsadar da wasanni. Hukumar FTC ta Amurka ma ta yi ƙoƙarin hanawa amma ta sha kaye a kotu a Yulin 2023. CMA ta fara ƙi a Afrilu, sannan ta amince a Oktoba bayan Microsoft ya miƙa wa Ubisoft na Faransa haƙƙin watsa wasannin Activision kai tsaye ta intanet. Matsin lambar ya sa Microsoft ya sa hannu kan yarjejeniyar barin Call of Duty a kan PlayStation na shekara goma.

Masu tsoron tsada sun samu hujja daga baya. Babban rukunin Game Pass ya tashi zuwa dala 19.99 a wata a 2024, sannan zuwa dala 29.99 a Oktoban 2025. Rufe Tango kuwa ya sanyaya gwiwar da yawa daga cikin waɗanda suka yi murna tun farko.

Wani ƙorafin ya shafi yadda wasa ke sauya hali bayan ciniki. 'Yan wasa na kukan yawan talla, da matsa wa mutum sayen kaya a cikin wasa, da maimaita abu ɗaya kowace shekara da sabon suna. Shi ya sa labarin Electronic Arts ya tayar da hankalin masoya ƙwallo, domin kusan dala biliyan 20 na kuɗin cinikin bashi ne, kuma bashi irin wannan daga ribar wasannin ake biyan sa.

Ƙorafi mafi girma shi ne na mallaka. A ƙarshen Maris 2024 Ubisoft ya kashe kwamfutocin da wasan tseren mota The Crew ya dogara da su, sai wasan ya daina aiki ko ga wanda ya saye shi a faifai. Wannan ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda Ross Scott ya assasa, kuma koken da aka shigar gaban Tarayyar Turai ya tara sa hannu fiye da miliyan ɗaya a 2025. Jihar California ta yi doka a 2024 da ke tilasta wa shagunan intanet su bayyana wa mai saye cewa izinin amfani yake biya, kayan bai zama nasa ba.

Akwai lokacin da muryar 'yan wasa ta yi tasiri, kuma abin ya shafi Najeriya kai tsaye. A watan Mayun 2024 Sony, wanda ya wallafa Helldivers 2 na situdiyon Arrowhead, ya ce dole masu buga wasan a kwamfuta su haɗa shi da asusun PlayStation Network. Hidimar ba ta aiki a hukumance a ƙasashe da yankuna fiye da 170, ciki har da Najeriya, sai aka cire wasan daga kasuwar waɗannan wurare. 'Yan wasa suka yi ruwan suka a shagon Steam, cikin 'yan kwanaki Sony ya janye sharaɗin.

Yadda abin ke isowa gabashin Sakkwato

Mai gidan gem a Rabah ko Goronyo ba ya zama a teburin da ake ƙulla waɗannan yarjejeniyoyi, amma jarinsa yana rataye da su. Idan ya sayi PlayStation domin wasa guda da matasa ke so, sai aka mayar da wasan na wata na'urar kaɗai, ya yi asara. Farashin sabon babban wasa ya kai dala 70 tun 2020. A farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin hukuma, amma a 2024 ta haura naira 1,500, wato wasa ɗaya ya wuce naira 100,000. Ga cire tallafin man fetur a Mayun 2023, wanda ya ninka kuɗin kunna janareta. Tunda kuma babu shagon PlayStation na Najeriya, masu na'urar kan buɗe asusu da adireshin Amurka ko Birtaniya su sayi katin dala ko fam, kuma idan aka rufe irin wannan asusu da wuya mai shi ya samu inda zai kai ƙara.

Manyan kamfanoni sun fi son wasan da ke buƙatar intanet kullum, domin ta nan ake sayar da kaya da nuna talla. Wannan na nufin data, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Mazauna yankin sun ma ga abin da ya fi tsada muni. A Satumbar 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Rabah da Goronyo. A irin wannan hali, duk wasan da ya dogara da kwamfutar kamfani a wata ƙasa ba ya buɗuwa, sai wanda ke zaune cikin waya ko faifai. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ga iyaye kuma, abin lura shi ne wasannin da ake saukewa kyauta. Kamfanin da ya biya biliyoyi domin mallakar wasan kyauta yana mayar da kuɗinsa ne ta hanyar talla da ƙananan saye-saye a ciki, irin su tufafin jarumi, makami ko ƙarin dama. Yaron da ke riƙe da wayar da aka haɗa da katin banki yana iya kashe kuɗi da yawa ba tare da ya gane ba.

Masu ƙirƙira na Afirka

Wannan guguwa ta fara taɓa nahiyar. A 2023 kamfanin Annapurna Interactive na Amurka ya saye 24 Bit Games na Afirka ta Kudu. Carry1st, kamfanin wallafa da aka kafa a 2018 mai mazauni a Cape Town, ya tara dala miliyan 27 a 2023, kuma asusun zuba jari na Sony ya sa masa kuɗi a 2024. Shi ne ya karɓi Gebeta daga Qene Games na Habasha, wasan gurbi mai kama da ayo na Yarbawa. A Legas, Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a 2012 ya yi aiki da Disney wajen fitar da wasan Iwájú: Rising Chef a 2024. Akwai Leti Arts a Ghana da Kenya, da Kiro'o Games a Kamaru. A 2022 wasu situdiyoyi goma suka haɗu a ƙarƙashin Pan Africa Gaming Group domin su ƙarfafa juna maimakon kowa ya jira mai saye.

A fagen fim da waƙa Najeriya ta riga ta ga irin wannan ciniki. Canal+ na Faransa ya saye situdiyon ROK a 2019, wadda ta kafa shi, Mary Remmy Njoku, ta ci gaba da jagoranci. A Fabrairun 2024 Universal Music Group ya sanar da sayen mafi yawan hannun jarin Mavin, Don Jazzy ya ci gaba da shugabanci. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta ba hukumar FCCPC ikon duba haɗewar kamfanoni da ta shafi kasuwar Najeriya.

Ƙasar Hausa tana da kayan da za a iya gina wasanni a kansu: dara, langa, dambe, kokawa, tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, hawan sallah, da tarihin ribaɗi irin na Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna kuma aka binne shi a 1837. Matashin da ya koyi rubuta manhaja a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya gina wasa a kan ɗaya daga cikinsu zai iya fuskantar tayi wata rana. Abin da tarihin Bungie ya nuna shi ne mutum na iya karɓar 'yancinsa ya fita, amma sunan wasan ya zauna a hannun wanda ya saya. Akwai bambanci tsakanin yarjejeniyar wallafa ta ƙayyadadden lokaci, wadda ke barin mallaka a hannun mai ƙirƙira, da sayar da kamfani baki ɗaya. Kuma ana iya yin nasara ba tare da sayarwa ba: mutum ɗaya, Eric Barone, shi ya gina Stardew Valley da ya fito a 2016, ya sayar da miliyoyin kwafi, kuma wasan yana hannunsa.

Abin da mai saye zai duba

Kafin mai gidan gem ko uba ya fitar da kuɗi, akwai tambayoyin da suka cancanci amsa. Shin wasan yana aiki babu intanet? Yana da faifan da za a iya sake sayarwa, ko kuwa a ɗaure yake da asusu guda? Wane kamfani ne ke da shi yanzu, kuma a kan waɗanne na'urori yake fitar da wasanninsa? Idan na waya ne, an kulle hanyar saye da kalmar sirri? Mai gidan gem da ya dogara da wasa ɗaya tilo yana cikin haɗari fiye da wanda ya ajiye biyu ko uku daga kamfanoni daban-daban, misali ƙwallon Electronic Arts da eFootball na Konami. Yarjejeniyar da ta bar Call of Duty a kan PlayStation kuwa ta shekara goma ce daga 2023, don haka duk mai shirin zuba jari mai tsawo a wannan sana'a ya sa wa'adin cikin lissafinsa.